Tsirkiyoyin Jitar Baba

Tun da ciwo ya taɓa hannun Baba na hagu, yatsunsa ba sa iya danne tsirkiyoyin jitarsa ta lantarki. Ogan makaɗansu ya ce idan ya sake kuskure a gwajin yau, zai ɗauki wani.

"Auta, zo ki ara mini hannunki," in ji Baba. Ya miƙo mini ɗan lanƙwasasshen mabuɗi, ya nuna mini wani ramin da mabuɗin ke shiga a saman wuyan jitar. Ya ce akwai ƙarfe a ciki, idan na ɗaure shi wuyan zai miƙe, tsirkiyoyin su sauko su yi saukin dannawa. "Kaɗan-kaɗan fa. Idan ya karye, mun kaɗe."

Ni da ko ƙwan fitila ban taɓa canzawa ba! Na murɗa, gumi yana bin bayana. Sai na ji ƙas! Na saki mabuɗin.

"Baba, na kashe ta?"

Ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana duban wuyan. "Tsohuwa ce, miƙa ta yi," in ji shi.

Ya jona lasifika ya kaɗa. Babbar tsirkiyar ta yi zizzz, tana gogar ƙarafan wuyan.

"Kin zarce. Koma baya."

Na riƙe numfashi, na sassauta ɗan ƙiris. Ya sake kaɗawa, sauti ya fito tas, har ƙaramin yatsansa ya danne tsirkiya.

A waje motar Oga ta yi hon.

"Sa mabuɗin a jakarki," in ji Baba. "Tare za mu tafi."