Hannuna, Kunnen Dumdum

"Ka ara mini hannuwanka har mu gama wannan haɗin," in ji Dumdum. "Ni kuma daga ranar ba za ka sake jin ƙarata ta bango ba."

"Har abada?"

"Har abada, Baba Direba."

Na tsufa a kan sitiyarin babbar mota, na san ciniki mai kyau idan na gan shi. Na miƙa masa hannu. Nasa yana rawa kamar madubin tsohuwar mota a kan gargada.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Sana'arsa haɗa kiɗa a gidajen rawa da rediyo, irin kiɗan nan da suke kira hawus, wanda gangarsa ba ta numfashi. Daga nan ya samo sunan. Shekara da shekaru ina buga masa bango da takalmi, shi kuma yana aiko mini cewa bugun nawa ba ya bin kiɗa. Yanzu ciwo ya tsotse shi, likita ya ce a mayar da shi gida. Gidan rediyon da yake wa aiki sun ba shi fili ya yi sallama da masu sauraro, shi kuwa ya rantse sai ya naɗa musu haɗin awa guda da fayafayansa na garmaho, ba tsayawa, ba gyara. Kunnensa garau yake, yatsun ne suka ƙi. 'Yarsa ta gwada taya shi, hawaye ya hana ta ganin maɓallan.

Ya zaunar da ni gaban injinan faifai biyu, da akwatin maɓallai a tsakaninsu, ya rataya mini abin sauraro a kunne ɗaya.

"Wannan yana tafiya, wancan yana jira. Ka ƙara wa mai jiran gudu ko ka rage, har gangunan biyu su zama ɗaya. Sannan ka shigo da shi a hankali."

"Ai canjin giya ne wannan. In inji bai daidaita da taya ba, giya sai ta yi kuka."

"To kar ta yi mini kuka a rediyo."

Gudun bai ba ni wahala ba. Inda na sha kashi shi ne murya. Kowane faifai ya manna masa ɗan salatif mai launi, ni kuma na ɗauka ado ne. Wata safiya na haɗa waƙa biyu, ganguna suka zauna daram, na juyo ina jiran yabo. Sai na ga ya toshe kunne.

"Gudu ya yi fa," na ce.

"Gudu ya yi, murya ba ta yi ba. Launin nan muryar waƙa yake nunawa, kai kuma ka ɗora kore a kan ja. Ba ka ji suna zagin juna ba? Ja sai ja, ko maƙwabcinsa ruwan lemo."

"Ashe su ma suna zaɓen maƙwabci."

"Sun fi ni sa'a."

Muka yi ta gwaji, ƙarfinsa yana raguwa. Duk kuskure ɗaya, sai a koma farko, kuma na lura kowane komawa yana cin wani abu a jikinsa. Ranar da muka naɗi haɗin da gaske, da hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta kan fayafayan. Ya jera su da kansa bisa launi. 'Yarsa ta tallafe shi a kujera. Idan lokacin shigo da sabuwar waƙa ya yi, sai ya daki gwiwarsa.

"Abu ɗaya, Baba," ya ce kafin mu fara. "Shiru tsakanin waƙa biyu shi ne abin kunyar mai sana'armu. Ko rufin nan ya faɗo, kar ka bar shiru."

Muka tafi lafiya lau har saura faifai ɗaya. Na dubi gwiwar, ba motsi. Kansa ya faɗa kan kafaɗar yarinyar, idanu a rufe. Na kai hannu zan cire abin sauraron, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna injin.

Waƙar tana gab da ƙarewa. Na saurari mai jiran, ta ɗan fi sauri. Na ja ta baya kaɗan, na taɓa gefen faifan da yatsa, gangunan suka haɗe. Na shigo da ita yadda nake shiga kwana da cikakken lodi.

Can yarinyar ta ɗago kai. "Baba Direba, yaushe za ka canja?"

"Ya canja tuni," in ji Dumdum, bai buɗe ido ba. "Ni ma da ƙyar na ji."

Bai kai ranar da aka saka shirin ba, Allah ya jiƙansa. Ni a shagon mai aski na saurara, tela da mai shagon kusurwa duk sun zo sun tsaya a ƙofa. Da aka zo waƙar ƙarshe na ce kowa ya nuna mini inda aka haɗa. Babu wanda ya iya. Na ce musu kunnen nasa ne, amma hannun ga shi nan.

Ya cika alkawari. Shi ya samu awarsa cif, ba shiru ko na ƙiftawar ido, ni kuma na samu shirun da na yi ciniki a kansa. A iya sanina da ciniki, shi ya ci riba, ni na faɗi. Da la'asar nakan jingina da bangon, ina jin 'yarsa tana sharar ɗakin.