Muryarta Ba Ta Shiga Yajin Aiki Ba

Tabaraunta ta dawo ɗauka a ofis, sai ta ji muryarta tana fitowa daga babban ɗakin lacca. Malamar ilimin magunguna ce, kuma tun makon jiya malaman jami'ar ke yajin aiki. Ta tura ƙofar baya ta leƙa. Ɗakin cike yake maƙil. Ga ta nan a majigi, cikin mayafin da ta riga ta kyautar, tana koyar da darasin bara. Ta saki wani barkwanci, ɗalibai suka kwashe da dariya.

Tana tsaye jikin ƙofa har aka zo kan wani maganin tari. Ita ta bara, ta cikin majigin, ta faɗi adadin da ake ba ƙananan yara, ɗalibai suka sunkuya suna rubutawa. Bana kuwa an hana ba yara maganin kwata-kwata.

Ta sami shugaban sashe a ofishinsa yana kurɓar shayi.

"Ranka ya daɗe, a kashe bidiyon nan. Akwai maganar da ta tsufa a ciki."

"Malama, abin da aka naɗa a ajin jami'a, na jami'a ne. Haka ƙa'ida ta ce."

"Ce mana aka yi don ɗalibai marasa lafiya ake naɗa."

"To, yanzu ai duk marasa malami ne." Ya yi dariyarsa shi kaɗai. "Ki dawo aiki ki gyara da bakinki mana."

A bakin get ta tarar da shugaban ƙungiyar malamai, wanda ake kira Lasifika. Ya saurare ta yana fifita da kwalin zanga-zanga.

"Kika furta kalma ɗaya a ajin nan, kin sayar da mu. Abin da suke jira ke nan, gobe su ce malamai sun fara komawa."

"Yaran nan fa, baɗi su ne a bayan kantar kemis suna miƙa wa mutane magani."

"Uwar ɗakina, na sani. Bayan yaji kya gyara."

"In sun rubuta jarrabawa sun watse?"

Ya kau da kai, ya ci gaba da fifita.

Ta koma ɗakin laccar, ta ratsa tsakanin kujeru. Wasu suka yunƙura za su gaishe ta, ta ɗaga musu hannu. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki alli ta rubuta sunan maganin a allon gefe, ta rubuta BA A BA YARA da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu. Ita ta bara na can sama tana ta zuba. Ta kakkaɓe hannu ta fita.

Washegari tana shanya kayan makarantar 'yarta shugaban sashe ya kira. Muryarsa fal fara'a.

"Malama, mun gode. Kyamarar ajin ta ɗauki gyaran nan tsaf, har an haɗa shi a ciki. Yanzu darasin ya cika. Ko baɗi ba sai kin wahala ba."

Ta ce, "To."