Saura Kwana Goma Sha Tara

"Ɗaga harshen in gani."

Direba ya buɗe baki kamar ƙaramin yaro, shi da furfura ta fara fito masa a gemu. Inna Mai Ɗinki ta gyara tabarau ta leƙa, sannan ta sa alama a layin ranar a kan katin asibiti.

"Inna, wai har yanzu ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai mana. Bakin naka ne ban yarda da shi ba."

Ɗakinta na kallon nasa, baranda ce kawai tsakaninsu. Tun da aka ce tarin fuka ke cin sa, matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, wai sai ya warke. Sauran maƙwabta daga nesa suke gaishe shi. Karon farko wata biyu ya sha magani, da ya ji ƙarfi sai ya watsar ya koma kan motarsa, tarin kuwa ya dawo har da jini. Wannan karon nas ta ce sai ya kawo wanda zai riƙa tsayawa a kansa kullum safe ya ga ya haɗiye maganin, har wata shida. Tsohuwar ta ji shi yana ta buga waya, kowa na kawo uzuri. Ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Ɗan nan, kawo takardar."

A wata na huɗu ya je neman maɓallin riga a gwangwaninta, sai ya ci karo da fakitin ƙwayoyi, ko ɓare shi ba a yi ba.

"Wannan fa?"

"Na hawan jini ne. Jiri yake sa ni, in kasa zura zare a allura."

"Au, ashe haka ne? Ni ki tsare ni kamar ɗan fursuna, ke kuma kina ɓoye naki cikin maɓallai?"

"Ni na ci zamanina. Kai ne mai 'ya'ya ƙanana."

Washegari ya riƙe ƙwayoyinsa a tafin hannu ya ƙi kai su baki. Ta yi faɗa, ta kira shi mai taurin kai, shi dai ya yi zaune. Daga ƙarshe ta ɓare nata tana tsaki. Daga ranar tare suke sha, kowa da kofinsa.

Da ya shiga wata na shida, maigidansa ya aiko cewa in bai fito ya kai kaya ba za a ba wani motar. Tafiyar kwana biyar ce. Nas ta amince da ƙyar. Inna ta ɗinka masa ƙananan jakunkuna biyar da ragowar yadi, kowace da maganin yini guda.

"Ke fa, wa zai tsaya a kanki?"

"Je ka ka dawo, sarkin surutu."

Ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofarta. Wata maƙwabciya, matar mai wanki, ta gaya masa, daga bakin famfo, cewa shekaranjiya aka same ta a faɗe kusa da keken, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu.

A asibiti bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Ya zaro jakunkunan biyar ya zazzage su ɗaya bayan ɗaya a gabanta, duk babu komai ciki. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga hannun da ke motsi ta dafa masa gwiwa. Bai tambaye ta ko ta sha nata ba. Da hantsin washegari ta cika.

'Yarta ta zo daga nesa ta kwashe ɗakin a yini ɗaya. Wajen share bayan gado ta tsinci katin.

"Kawu, wannan sunanka ne?"

"Nawa ne."

Ya duba. Saura layi goma sha tara babu alama.

Nas ta tambaye shi wa zai tsaya masa yanzu. Ya ce babu. Ta juya biro a hannu, sannan ta ce ya riƙa zuwa wurinta kafin ta fara ganin mutane. Haka ya yi ta zuwa a ƙafa, ya sha a tsaye bakin taga, ya juyo. Sau biyu ya tsaya a hanya ya yi niyyar komawa, sai kuma ya wuce.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, nas ta ce, "Baba, ka warke sarai," ta miƙa masa takarda. Ya kira matarsa a waya, ba a ɗauka ba.

Ya iso gida takardar a hannu. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take, warin sabon fenti na fitowa. Wata mata da bai sani ba tana tsaye kan kujera tana rataya labule.

"Malam, wani kake nema?"

"A'a. Sannu da aiki."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya zauna a dokin ƙofarsa yana kwance igiyar takalmi a hankali.