Ƙuri'a a Kan Tsamiyar Lambu

Jiya da rana, bayan na ci abinci na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni a lambun shaƙatawa na unguwarmu, an tara jama'a za a tsara yadda wurin zai kasance nan da shekara tamanin. Wata zabuwa mai tabarau ce ke shugabantar zaman. Ruwa na tashi daga ƙasa yana hawa sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki.

Hajiya Tasalla mai ƙosai ta ce a sa lilo, amma na tsofaffi, tunda yara suna da sauran lokaci. Aka amince. Barau tela ya ce lambun ya yi wa unguwa yawa, a ba shi ya rage kamu biyu ta gefen kwata. Zabuwa ta ce ya je ya ɗauko zare.

Sai ga wasu dattawa sun shigo a jere, suna dogara sanduna. Na tambayi zabuwa su wane ne.

Ta ce, "Waɗanda za su yi amfani da lambun ne. Ba a haife su ba tukuna."

Babbarsu, wata tsohuwa mai irin hancina, ta dube ni ta ce, "Kaka, a sare tsamiyar tsakiyar nan. Za ta faɗo mana a ka wata ranar Laraba."

A gindin tsamiyar muka yi shekara ashirin muna dara da abokina Malam Jatau, kafin ya rasu bara. Ramukan darar suna nan, ni nake share su duk safiya. Ina juyawa sai ga shi zaune a gefena yana gyara hula.

"Malam Jatau, ka ji abin da suke faɗa?"

"Na ji. Ai inda nake akwai inuwa."

"Ni fa?"

"Kai dama kullum ɓangaren rana kake zama."

Aka tambayi tsamiyar ra'ayinta. Ta ce ta gaji da tsayuwa. Aka kawo mata kujera ta zauna.

Zabuwa ta ce masu son a bar ta su ɗaga hannu. Na ɗaga. Ta ƙirga ni sau uku, duk ɗaya take samu. Malam Jatau kuwa ya tashi ya koma layin waɗanda ba a haifa ba, suka matsa masa wuri.

Tsohuwar ta durƙusa a gaban ramukan, ta sa yatsa a ɗaya. "Kaka, waɗannan me ake shukawa a ciki?"

Na buɗe baki zan gaya mata, sai maƙwabciyarmu ta fara daka. Na farka hannuna na dama a sama, har ya yi tsami. Na daɗe ban sauke shi ba.