Ɗinkin da Ba Na Alice Ba

A shekarar 2003 Saloma ta buɗe shagon kayan mata a Rikoto, cikin garin Zuru, shekara guda bayan rasuwar mijinta soja. Ita kanta tela ce, amma ba ɗinkinta take ratayewa ba. Aikin 'yan mata take karɓa, waɗanda suka gama koyo amma ba su da inda za su nuna hannunsu. Kowace riga da sunan mai ita a ɗan ƙyalle cikin wuya.

Cikinsu babu kamar Alice, ɗiyar wani manomi daga Danko. Takan ɗauki saƙin gargajiya ta tsaga shi siriri, ta bi da shi wuyan riga da bakin hannu a kan atamfa, sai ka ga kamar tare aka saƙa su. Matan hafsoshi daga bariki suka fara tambayar kayanta da suna, sannan malaman makaranta, sannan amare. Saloma ba ta taɓa haihuwa ba. In ta ce "ɗiyata", kowa a layin ya san wa take nufi.

Bayan Ista ta 2007 Alice ta kawo riguna uku, Saloma ta ga kalmasar ɗaya ta karkace. Ta ce a ranta gaggawa ce. Mako na gaba hannun dama ya fi na hagu tsawo. Sai ta fara lura da yarinyar: yadda take juyawa wajen ƙofa in za ta zura zare a allura, yadda take kuskurewa har sau huɗu, yadda ta yi karo da benci a shagon da ta sani kamar ɗakinta.

Saloma ta yi niyyar magana, amma duk sanda ta buɗe baki sai ta ga Alice tana dariya, tana zana sabon wuyan riga da alli, sai ta fasa. Abin da ta koma yi shi ne, in Alice ta ajiye kaya ta tafi, ita kuma ta hau kekenta ta warware inda ya ɓaci ta sake ɗinkawa, ta goge, ta rataye. Wata bakwai tana haka. Kaya suna fita, mata suna yabo.

Ana gab da Kirsimeti, Alice ta shigo da hantsi tana shafa rigunan da ke rataye. A kan wata koriya hannunta ya tsaya. Ta bi kalmasar da yatsa daga farko har ƙarshe.

"Mama, wannan ba hannuna ba ne."

"Zanen naki ne, yankan ma naki ne."

"Ɗinkin nake nufi. Ni ba na ƙulle zare haka." Ta shafa ta gaba, da ta gaba. "Tun yaushe?"

"Tun bayan Ista," in ji Saloma.

Alice ta laluba benci ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na san idona na yin duhu ta gefe. Amma in na kawo kaya, sai in ji an saye, an yaba. Sai in ce ashe bai yi nisa ba, gajiya ce. Da kin faɗa mini, Mama, da na je asibiti tuntuni."

Saloma ta rufe shago kwana huɗu, ta kai ta Kaduna wajen likitan ido. Likitan ya ce ciwon ya cinye jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa ɗan abin da ya rage. Ya tambaya me ya sa ba su zo da wuri ba. Alice ta ce, "Hanya ce da nisa." A mota, har suka iso Zuru, tana riƙe da hannun Saloma, ita kuwa Saloma ta kasa duban fuskarta.

Mahaifin Alice ya zo ya tafi da ita Danko, da kekenta a ɗaure bayan babur. Saloma takan je duk bayan mako biyu. Wata rana ta tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta durƙusa gabanta ta ce ta yafe mata.

"Ban riƙe ki ba, Mama. So ne ya sa."

Saloma ta so a ce zaginta ta yi. A hanyar komawa gida ta yi kuka a bayan mai babur har bakin titi.

Shagon bai rufe ba. Sababbin 'yan mata suna ta kawo aiki, amma yanzu Saloma takan juya riga ciki waje a gaban mai ita, ta ɗora yatsa a inda ya ɓaci ta ce, "Nan bai yi ba. Koma ki gyara." Sukan ce a tsakaninsu Mama Saloma ta cika tsanani. Tana jin su, ba ta taɓa yi musu bayani ba.