Takardar Korar Baba Kuskure

Manaja ya turo ambulan ɗin da ɗan yatsa ɗaya, ya zame a kan teburi ya tsaya daidai gaban Sakatariya.

"Ke ce maƙwabciyarsa, ke za ki kai masa. Ya sa hannu a kwafi na biyu, ki dawo mini da shi yau ɗin nan."

Ba ta buƙatar buɗewa. Ita ta buga takardar ɗazu. Takardar kora ce, ta masinjan kamfanin, tsohon da kowa ke kira Baba Kuskure. Shekara talatin da huɗu yana hawa da sauka a matakalar wannan kamfani na haɗa kujeru da tebura, jakar fata a hammata, yana raba takardu tsakanin ofisoshin sama da sassan aiki na ƙasa. Kuma mako ba ya ƙarewa bai kai takardar wani hannun wani ba.

Manaja watansa huɗu da zuwa, amma ya ƙirga. Ya ce sau arba'in da ɗaya tsohon ya ɓatar da takarda a idonsa. Ya ce kwana uku ke nan da Baba ya kwanta rashin lafiya, maigadi na raba takardu, kuma ko ɗaya ba ta ɓata ba, ba wanda ya bar kujerarsa, ba hayaniya a matakala. Haka yake son wurin aiki.

Sakatariya ta dubi ambulan ɗin. Da safiyar nan, tana fitowa daga gida, Iya matar Baba ta riƙo mata hannu a bakin ƙofa ta raɗa mata cewa likita ya sallamo su, ya ce a kai shi gida a kula da shi, abin kwanaki ne. Ta kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Shi kuwa Baba abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai a goge masa takalminsa, ranar Litinin zai koma aiki, don shi tun da yake ba a taɓa ba shi ko takardar gargaɗi ba. Wannan mutumin ne za ta shiga ɗakinsa ta miƙa wa takardar kora ya mutu da ita a ƙarƙashin filo?

"Yallaɓai, a duba dai," ta ce.

"Na duba." Ya juya ga kwamfutarsa. "Ki kawo mini mutum ɗaya, ɗaya tak, da kuskuren nan ya yi wa amfani, sai in saurare ki."

Da gatse ya faɗa. Ita kuwa ta cafke maganar. Ta jefa ambulan a jaka, ta fice da sauri har tana tuntuɓe da ƙafar kujera.

Akwai abin da ta sani wanda ba kowa ya sani ba. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Baba, shi ya sa ma yake kiran ta 'Yar Katanga. Tana ƙarama, shi ya koya mata haɗa baƙi a kan benci a ƙofar gidansa, da tsohuwar jarida. Mutumin da ke karanta jarida daga kai har ƙafa ba zai kasa karanta sunan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a bayan ambulan ba. Ta daɗe da zargin haka, ba ta dai taɓa tambaya ba.

Ofishin Mai Zane ta fara faɗawa. Wata doguwar mata ce mai gilashi, ita ke zana kowace kujera kafin a yanka katako. Tana jin tambayar ta ajiye fensir ta kwashe da dariya. Ta ce shekararta biyu na farko a kamfanin ba ta taɓa taka ƙasa ba, tana ƙyamar garin katako, tana ta zana kujeru masu siririyar ƙafa, kafintoci na zagin ta a bayan ido. Wata rana zanenta ya ɓace, ta bi sawu a fusace har sashen kafinta, ta tarar Babban Kafinta ya shimfiɗa shi yana shan shayi a kai. Suka yi kaca-kaca. Daga faɗa ya ɗauko katako ya nuna mata inda ƙafar ke karyewa. Tun ranar kullum sai ta sauka shan shayi.

"Taso," in ji Sakatariya. "Taso mu je ki faɗa da bakinki."

Amma Mai Zane ta ce a tsaya, a ɗauko Babban Kafinta ya zama shaida. Suka gangara matakala da gudu-gudu, takalmansu na ƙwas-ƙwas.

A ƙasa injin yanka katako na kururuwa, warin fenti ya cika hanci. Babban Kafinta, ƙaton mutum mai fensir a bayan kunne, ya saurare su yana goge hannu a riga. Ya ce ai wannan kaɗan ne. Ya ɗaga murya ya kira Mai Sito, wanda suka taɓa shekara guda cur ba sa gaisawa a kan buhun ƙusa. A shekarar nan, in ji shi, duk takardar da aka rubuto masa sai ta sauka a sito, duk ta sito sai ta sauka a wurinsa. Dole kullum ɗaya ya je ƙofar ɗaya yana huci. Ran nan suka yi karo a tsakiyar hanya, kowa riƙe da takardar ɗan'uwansa, dariya ta ƙwace musu.

"Kai ka fara dariyar," in ji Mai Sito.

"Ƙarya kake, haƙoranka na fara gani."

Masu fenti suka matso da burushi a hannu. Masu ɗinkin katifar kujera suka leƙo. Kowa na da nasa. Wata ta ce a makonta na farko, lokacin da take cin abinci ita kaɗai a bayan injin, takardar hutun mutum biyar aka ajiye mata, kafin ta gama mayar da su ta san sunan kowa. Wani direba ya ce shi ta haka ya gano matarsa a cikin kamfanin nan, aka yi masa ihu, aka ce ya rufa wa kansa asiri. Sai Mai Zane ta cire gilashinta ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dakata. Wai akwai wanda takardarsa ta taɓa ɓata zuwa wurin wanda suke shiri da shi?"

Aka dubi juna. Babu. Kullum wurin sabon zuwa ne, ko wurin wanda aka yi faɗa da shi, ko wurin wanda ya yi kwana biyu ba ya magana.

Wurin ya kaure. Masu tafi na yi, masu riƙe baki na yi, Mai Sito na ta bubbuga benci yana cewa tsohon nan ya gama da su, shekara da shekaru yana juya su kamar waina a tanda, su kuwa suna kiran sa Kuskure. Sakatariya ta ƙirga su da ido cike da murna. Mutum ɗaya aka ce ta kawo, ga sama da talatin. Ta ce su taho sama yanzu-yanzu, kafin Manaja ya fita.

Babban Kafinta ya ce meye na gaggawa, a bari Baba ya warke ya dawo, a tsare shi a gaban kowa ya amsa laifinsa.

"Ba zai dawo ba," ta ce.

Maganar ta suɓuce ne, ba ta yi niyya ba. Ta ga fuskoki sun canza, dole ta ƙarasa abin da likita ya faɗa. Babban Kafinta ya juya. Ya taka ya kashe injin, shirun ya sauko kamar an toshe kunne.

"To ba sama za mu ba," ya ce. "Direba, juyo da motar kaya."

Ta yi ta roƙo a fara hawa sama, ba wanda ya ji ta. Kafin ta ankara an loda kujeru ashirin da ba a gama shafa wa fenti ba, an ɗauko butar shayi ta sashen kafinta da kofuna, wani ya ruga ya sayo lemo da ayaba. Aka ɗaga Sakatariya aka dasa ta a gaban mota. Suna fita daga ƙofar kamfani ta dafe kai. Ta fito neman ceto, ga shi ta kwashe wa Manaja ma'aikata kaf da tsakar rana, takardar kuma na nan a jakarta.

Layinsu siriri ne, da ƙyar motar ta shige. Yara suka biyo ta, maƙwabta suka leƙo ta taga. Iya ta fito da zani a hannu, ta ga dandazon, ta harari Sakatariya, sannan idonta ya kawo ruwa ta matsa ta ba su hanya.

Tsakar gidan ɗan ƙarami ne, da igiyar shanya da famfo mai ɗiga. Aka jera kujeru har bakin ƙofa. Aka riƙa shiga ɗakin bibbiyu ana gaida shi. Baba na kwance a kan gadon ƙarfe, ya rame ya koma kamar yaro, amma idanun nan na nan da ƙyallinsu. Mai Sito ya durƙusa ya ce asiri ya tonu, Baba ya lumshe ido ya ce shi bai san zancen ba, tsufa ne kawai.

Da suka koma waje ya yafito Sakatariya.

"'Yar Katanga, wa ke zaune kusa da wa?"

Ta leƙa ta faɗa masa: kafintoci a gefe guda, masu fenti a gefe guda, mutanen sama a inuwa.

"Kin gani ko? Kwana uku kawai. Je ki hautsina su."

Ta fita ta hautsina su, ana dariya ana jan kujeru. Shayi ya fara zagayawa. A nan ne wayarta ta yi ƙara. Manaja ne, muryarsa kamar zarto, yana tambaya ina mutanensa. Ta rufe ido ta faɗa masa gaskiya, ta kwatanta masa layin.

Minti ashirin ya iso. Hirar ta mutu yana sa ƙafa. Ya dubi kujerun kamfani, ya dubi butar shayi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki ke nan Iya ta ɗaga labule ta ce mai gidan na kiran sa.

Sakatariya ta bi shi, ta rungume jakarta a ƙirji. Manaja ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ga kwalaben magani a kan akwati, ya ga hannun da ke kan bargo.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," in ji Baba a hankali. "Ka zo karɓar kwafi na biyu? Yarinyar nan tun da ta shigo take riƙe da jaka kamar za a ƙwace. Na kai irin wannan ambulan sau da yawa, na san yadda ake riƙe shi."

Manaja ya gyara murya. Ya ce an gaya masa wani abu a waya bai gane ba, yana so ya ji daga bakinsa. Da gangan yake yi?

"In na kai takarda daidai, ita ce ta yi tafiya, mai ita yana zaune. In na karkatar da ita, dole ya tashi." Baba ya tsaya ya ja numfashi. "Taka ma na karkatar, sau shida. Biyu wurin kafinta, biyu sito, biyu wurin masu fenti. Ina laɓe a ƙarƙashin matakala ina jira. Ba ka taɓa saukowa ba, sai dai ka aiko. A shekara talatin da huɗu kai kaɗai ka gagare ni."

Ya yi ɗan murmushi, ya dubi takalmin Manaja a kan tabarmarsa.

"Yau dai ga ka."

Manaja shi ma ya dubi takalminsa. Sannan ya miƙa wa Sakatariya hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta zaro ambulan ta ba shi. Ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya tura a aljihun wando.

"Wannan ba taka ba ce, Baba. An yi kuskuren adireshi. Muna jiran ka ranar Litinin."

"To, Yallaɓai. Allah ya kai mu."

Sakatariya ta jingina da bango, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

A waje babu kujerar da ta rage. Manaja ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, har Babban Kafinta ya tura Mai Sito da gwiwar hannu suka matsa masa gefen benci. Aka miƙa masa kofi mai tsagaggen baki. Ya zauna a ɗarare, ya tambayi na kusa da shi sunansa. Direba ya ɗauko labarin yadda ya gano matarsa daga farko, wannan karon da ƙarin gishiri, matar na ƙaryata shi daga can gefen famfo. Ba a jima ba aka ji wata baƙuwar dariya, gajera, kamar tari. Ta Manaja ce.

Baba ya ce a buɗe masa taga. Iya ta tura ta, hayaniyar ta shigo ɗakin gaba ɗaya, da ƙarar cokali a kofi da ƙamshin lemo. Ya juya fuskarsa wajen, leɓɓansa na motsi. Iya ta zauna a gefen gado ta riƙe hannunsa, tana yi masa kalmar shahada a kunne, yana bi.

Sakatariya ta fita zuba masa ruwan ɗumi. Da ta dawo da kofin, ta tarar Iya ta riga ta shafe masa ido, ta gyara masa bargo har ƙirji. Ta juya za ta fita ta faɗa, Iya ta kamo gefen mayafinta.

"Bari tukuna, 'yata. Bari Direba ya ƙarasa ba su labarin."

Suka zauna su biyu a bakin gadon, kafaɗa da kafaɗa. Labulen tagar na ɗagawa yana sauka, muryar direba na shigowa, ana ta katse shi.