Folti da Baƙin Bunsurun Malama Gudiya

A shekarar da Nasara suka ja wayar tangaraho ta ratsa Jega, magana ta tashi a kasuwa cewa akwai aljani a cikinta, sunansa Folti. Shaida kuwa ba ta ɓuya ba: duk ran da waya ta yi shiru, sai a ji akawun gidan waya ya leƙo yana ihu, "Folti! Folti!" Nan da nan Labbo mai gyaran waya ya haye alfadarinsa ya bi turakun waya ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen Gumbin Kure, da waya ta bi ta bakin gonakinsu, hankalinsu ya tashi. Dattawa suka yanke shawara a yanka wa Folti baƙin bunsuru tun bai gaji da ƙarfe ya juyo kan mutane ba. Baƙin bunsuru kuwa ɗaya ne tak a garin, na Malama Gudiya, tsohuwar da ke koya wa matan aure karatu.

"Tun kuna cikin tsumma nike karatu," in ji ta, "ban taɓa gamuwa da aljani mai sunan Turawa ba. Ku ba ni kwana uku."

Ta hau jakinta ta tsare gindin wani turken waya. A rana ta uku sai ga Labbo.

"Ɗan nan, ina zuwa?"

"Folti za ni nema, Inna."

"Madalla, ni ma shi nika biɗa. Ɗan wane ne shi?"

Labbo ya yi dariya. "Ba ɗan kowa ba ne. Haka Turawa ka kiran duk abin da ya hana waya magana. Gara ta ci turke, folti. Reshe ya danne waya, folti."

"To mi ya hana ka gaya ma mutane?"

Labbo ya shiga gyaran linzamin da babu abin da ya same shi.

Gudiya ta bi shi a kan jakinta. Kusa da Andarai suka iske waya ta lanƙwaso har tana shafar ƙasa, wani ƙaton ƙunshi rataye a jikinta. Gefe guda wani manomi mai suna Malami ya miƙe ƙafa yana gadi.

"Ɗiyata na aure Jega," in ji shi. "An ce wayar ga ta fi doki sauri, shi ya sa nika ɗaura mata albasa da daddawa. Yau dai na ce sai na ga tashinsu da idona."

"Suna isa kuwa?" Gudiya ta tambaya.

"Ƙwarai! Ban taɓa dawowa na iske komi ba."

Gudiya ta kai hanci jikin mangalar alfadarin Labbo, ta shaƙa, ta ɗago ta dube shi. Labbo ya dubi sama.

Ta tasa su gaba su biyu har Gumbin Kure. Suka tarar an wasa wuƙa, an ɗaure bunsurunta a ƙofar gidan mai gari, yana ta kuka. Gudiya ta sauka daga jaki, ta kwance igiya ta naɗe a hannu, sannan ta juyo ga dattawa.

"Folti sunan ɓacin waya ne da Turanci. Malami ka rataya albasa, waya ta taɓa ƙasa ta yi shiru, Labbo ya zo ya kwance ya kai gida ya ci."